Shaidar da Yunice Ta Bayar da Rani

Duk wanda ya taɓa shiga majami'ar su Yunice a Tsibiri ran Lahadi ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan da ke zama a layin gaba na zumuntar mata, tulu a tsakanin ƙafafu, tana dukan bakinsa har sai mutum ya ji sautin a ƙirjinsa. In mata suka ja waƙa kamar masu jin barci, ba ta cewa uffan, wuta kawai take ƙara wa tulun, dole su biyo ta. Ta haura hamsin da daɗewa, amma ita ke noman gonarta, ita ke matse man gyaɗarta, ita ke kai shi Maraɗi a kan kabu-kabu. In ɗan moton ya yi gudu ta yi masa faɗa, in ya yi sanyi ma ta yi masa faɗa.

Ba matsoraciya ba ce, a fara sanin wannan. Ta taɓa kashe kububuwa a gindin rumbu da taɓarya, maza na tsaye nesa suna ba ta shawara. Da mijinta Yo'el ya rasu, ta yi kukanta, ta share hawaye, damina ta gaba ta nome gonarsa kaf ba ta bar ko kunya ɗaya ba. Gidan da take ciki na ƙasa ne, shi ya gina da hannunsa shekarar da suka yi aure. A nan ta haihu, a nan ta yaye, a nan kuma take nufin tsufa. Autanta Luka, wanda ke koyarwa a wata lakwal a Maraɗi, ya daɗe yana lallaɓa ta ta koma wurinsa a Sabon Gari, gidan siminti da famfo a tsakar gida. Amsarta kullum ɗaya ce, wai in ta koma birni wa zai gaishe da geronta da safe?

Sai shekarar nan da ruwa ya yi yawa, Gulbi ya cika ya batse. Wata la'asar ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ji akuyarta na kuka a turke, ta fito ta kwance ta. Ba ta kai ga juyowa ba ta ji wani gum a bayanta. Bangon ɗakinta na gabas ne ya kwanta, a daidai kan gadon da ta tashi. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Mazan ikilisiya suka taru suka ta da bangon, aka yi wa Allah godiya, kowa ya ce an tsallake rijiya da baya. Kowa ya koma harkarsa, ban da ƙirjin Yunice.

Daga ranar nan, hadari ba ya haɗowa a gabas ta zauna lafiya. Gabanta ya dinga dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya tsaya mata a wuya, ƙafafu su ce gudu alhali ba inda za ta. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, to ita tsummanta faɗin sama ne, ba inda za ta kauce masa. Matan zumunta suka yi ta zuwa suna yi mata addu'a. Luka ya zo ya kafa kujera a tsakar gida, ya ce ba zai tashi ba sai da ita. Da ƙyar ta samu ya haƙura zuwa kaka.

Kaka ta yi, sama ta washe. Abin mamaki, sai Yunice ta ji wasai. Tana barci, tana cin tuwo har da neman ƙari, ƙirji shiru. Ranar godiyar girbi, da ake kawo dammunan gero gaban bagade, ta shigo da dami a ka da jan zakara a hammata. Lokacin ba da shaida ya yi, ta miƙe, ta ce Ubangiji ya warkar da ita daga tsoron ruwa, ya tumɓuke shi har saiwa. Mata suka rangaɗa guɗa, zakara ya tsorata ya kubce ya bi ƙarƙashin bencina, yara suka bi shi. Fasto Matiyas ya ɗaga hannu ya sa albarka. Luka ma da ya ji labari ya saki maganar ƙaura.

Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa a watan nan ko gajimare ɗaya babu a sararin Tsibiri. Ita kanta ba ta tuna ba. Da zuciya ɗaya ta yi shaidarta, sai dai ta yi ta ne da rani.

Bazara ta shigo da zafinta. Wata rana tana shanyar gyaɗa, ta ɗaga kai ta hango baƙi-baƙi a gabas. Kafin ta ce wani abu, baƙon da ta yi wa rakiya da zakara ya dawo ya zauna mata a ƙirji, ko sallama babu.

Abin da ya fi tsoron ciwo shi ne kunya. Ta riga ta tsaya gaban jama'a ta ce an warkar da ita. Yanzu ta koma ta ce me? Allah ya fasa? Ko ita ce ta yi masa ƙarya a ɗakinsa? In kuwa maganar ta kai kunnen Luka, gidan Yo'el ya tashi daga hannunta ke nan. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ƙarancin bangaskiya ne, maganinsa kuma azumi. Ta shiga azumi ba ji ba gani, a cikin wannan zafin da ko jaki ke neman inuwa. In ta sha ruwa da maraice, sai baƙin shayi mai kauri da ɓarin goro, don ta iya tsayawa addu'a. Barci ya ƙaura, zane ya fara yi mata yawa. Wanda ya ce ta rame, ta ce masa zafi ne.

Akwai kuma wani abu da ba ta iya faɗa wa kowa. Duk lokacin da hadari ya taso, garin kaf na ɗaga kai ana fatan ya sauko, ita kuwa tana ƙuryar ɗaki tana roƙon Allah ya watsa shi. Kuma sai ya watse. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, iri na ajiye a ɗaka, mutane na ta duban sama. Yunice ta fara jin kamar ita ce ta riƙe wa Tsibiri ruwa, har kallon idon manoma ya gagare ta.

Da jinkirin ya yi yawa, musulmin gari suka fita roƙon ruwa, ikilisiya ita ma ta sa ranar tata addu'ar. Aka cika majami'a. Fasto Matiyas, mutumin kirki ne amma akwai son abin da zai motsa jama'a, ya duba layin mata ya yi murmushi.

"'Yan'uwa, wa ya fi cancanta ya roƙa muna ruwa in ba wadda Ubangiji ya cire ma tsoron ruwa ba? Mama Yunice, bismilla."

Ta miƙe. Ta buɗe baki ta ce, "Ya Uba," sai sauran maganar ta ƙi fitowa. Ta yaya za ta roƙi abin da ta kwana tana korarsa? Jama'a na jira da idanu a rufe. Ta ji benci na juyawa, muryoyi na nisa. Farkawar da za ta yi, sai ta gan ta a gadon likita, wato asibiti, a Maraɗi, da ƙarin ruwa a hannu, Luka na tsaye a kanta fuska a murtuke.

Majo, babban ma'aikacin jinyar da ya duba ta, ya ce zuciyarta lafiya lau, tansiyo ne, wato jininta, ya ɗan hau, sai yunwa da rashin ruwa a jiki. Ya tambaye ta yaushe rabonta da abinci, ta kama kallon silin. Luka bai jira komai ba, ya wuce da ita Sabon Gari.

"Inna, magana ta ƙare. Tsibiri sai dai ziyara."

"Kai ka haife ni ko ni na haife ka?"

"Ke kika haife ni, shi ya sa ba ni barin ki faɗi inda ba kowa."

Ba ta yi musu ba, don ba ta da ƙarfinsa. Matar Luka na kula da ita yadda ya kamata, ba abin da ta rasa. Amma duk safiya sai ta tsaya bakin ƙofa tana kallon masu moto da masu tura kura, ta rasa abin yi da hannunta. Ta kuma lura da wani abu. Ran da hadari ya taso a Maraɗi, tana cikin ɗakin siminti mai rufin kwano, ƙirjinta ya buga daidai yadda yake bugawa a Tsibiri. Ashe ba a bangon ƙasa abin yake ba, a jikinta yake, duk inda ta je da shi za ta. To in haka ne, gara ta yi fama da shi a gidanta. Ta ce wa Luka za ta Jiratawa ta sha iska wurin gwaggonsa, ya ga ba laifi.

Dorkas ƙanwar marigayi Yo'el ce. Ta yi aikin jinya shekara da shekaru, da ta aje aiki ta koma Jiratawa ta kama lambu a bakin kanal na ban ruwa, tana noman zogale da tattasai. Tsakaninta da Yunice wasan dangin miji ne tun suna 'yan mata, ba a raga wa juna. Dorkas na hango ta ta riƙe haɓa.

"A'a! Matarmu, wa ya shanya ki haka? Dukiyar da munka biya ke nan za ki lalata muna?"

Yunice ta so ta rama, sai hawaye suka riga ta. Suka zauna a gindin mangwaro, ruwa na gudu a kanal kusa da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta kwashe komai ta faɗa, har addu'ar korar hadari. Dorkas ta saurara har ƙarshe, sannan ta tuntsire da dariya.

"Ke nan duk jihar Maraɗi, da limamai da fastoci, ke kaɗai Allah ke saurare? Kina da girman kai, matarmu. Ruwa na da Mai shi, ki sauke wanga kaya, ba naki ba ne."

Yunice ta ji haushi, ta kuma ji wani nauyi ya sauka. Dorkas ta gyara zama, dariyar ta tafi.

"Abin da ke damunki na gan shi wurin mutane da yawa a likita. Jiki ne ya firgita, bai samu labarin an tsira ba. Ba zunubi ba ne, kamar yadda ciwon haƙori ba zunubi ba ne. Ke kuma kin hana shi abinci, kin hana shi barci, kin ɗura mashi shayi da goro, sannan kina mamakin yana rawa. Wanda ya ba ki rai shi ya ba ki jikin. Ko kin ji an ce ruhu kaɗai ya halitta?"

"To in bar addu'a?"

"Wa ya ce? Ki yi addu'a da tuwo a cikinki, ki gani in Allah zai ƙi ji."

Haka Yunice ta zauna Jiratawa ƙarƙashin mulkin ƙanwar miji. Da safe koko da ƙosai, da rana kwaɗon zogale, shayi ya koma ruwa-ruwa, goro kuwa Dorkas ta ƙwace ta ce ita za ta ɗauki wannan gicciyen. Da sanyin safiya su shiga lambu su yi ta tsinkar ganye har jiki ya gaji gajiya mai daɗi. Ta koya mata jan numfashi a hankali ta hanci, da sakinsa a hankali fiye da yadda ya shiga. Yunice ta ga numfashi ba addu'a kamar miya ba gishiri ne, sai ta haɗa masa 'yan kalmominta. In ta ja ta ce a zuci, "Ubangiji," in ta saki ta ce, "ina hannunka."

Wata rana hadari ya haɗo, iska ta taso, aka yi tsawa. Yunice ta zabura za ta shige ɗaki, Dorkas ta riƙe mata zane.

"Zauna. Bari shi zo. Yana hawa ne ya sauka, ba ya kisa."

Ta zauna, tana rawa, tana ja tana saki. Abin ya hau har ta ce yau kam sai lahira. Can kuma ya fara sauka da kansa, tun ma hadarin bai watse ba. Ta dubi hannuwanta, ta dubi Dorkas. Tun da abin ya same ta, ba ta taɓa tsayawa ta ga ƙarshensa ba sai ran nan.

Ta koma Sabon Gari da ƙafarta, ta zaunar da Luka, ta gaya masa gaskiya tun daga farko. Ransa bai so ba. Suka yi yarjejeniya. Za ta koma Tsibiri, za ta riƙa zuwa awon tansiyo kamar yadda majo ya ce. In ruwan shuka ya sauka ta kasa zama gidanta, ita da kanta za ta ɗaure kayanta, ba sai ya roƙe ta ba.

Da ta isa gida ba ta zauna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka ta kira magini ya bi ɗakin ya toshe duk wata tsaga, ya ƙara yaɓe, ya gyara indararo, aka haƙa hanyar ruwa daga gindin bango zuwa waje. Ta jawo gadonta daga jikin bangon gabas. Sannan ta leƙa katanga ta gaya wa maƙwabciyarta Fasuma abin da ke damunta. Fasuma ta yi salati, ta ce shekara nawa suna ara wa juna wuta amma ta ɓoye mata wannan?

Saura mai wuyar. Ran Lahadi, lokacin shaida, ta miƙe. Majami'a ta yi tsit, don ba wanda ya manta faɗuwarta.

"'Yan'uwa, da kaka na tsaya nan na ce an warkar da ni. Ban yi ƙarya ba, haka na ji. Amma rani ne, ba hadari. Da hadari ya dawo, tsoro ya dawo, kunya ta hana ni faɗi. Har yanzu ina jin shi. Ina cin abinci, ina zuwa likita, ina addu'a, kuma Ubangiji bai sake ni ba. Ku ci gaba da yi mani addu'a. Zakara kuwa na riga na bayar, ba ni cewa a maido."

Dariya ta ɓarke, amma ba guɗa wannan karon. Ta hango wata matashiya a layin baya tana share ido da bakin gyale. Fasto Matiyas ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya yi gaggawa, ya ɗora mata abin da bai tambaye ta ko za ta iya ba. Ya ce hutun da ta samu da rani alheri ne, riƙon da za a yi mata da damina ma alheri ne. Da aka zo addu'a, ita ta nemi a bar ta ta roƙi ruwa. Muryarta na rawa, amma ta kai ƙarshe.

Ruwan ya zo ran wata Talata da la'asar sakaliya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, kaji suka shige akurki, iska ta fara kaɗa ƙofa. Ƙirjinta ya soma aikinsa. Ta ɗaure akuya a rumfa, ta sha ruwa, ta shiga ɗakin nan dai, ta zauna bakin gado, ta bar ƙofa a buɗe don ta ga abin da take tsoro. Aka kece da ruwa. Tsawa ta farko ta sa ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ƙafafunta na cewa waje. Ta koma ta zauna. Ubangiji. Ina hannunka. Hawaye na zuba, ba ta hana su ba.

"Yunice!" Muryar Fasuma ce ta ƙetaro katanga cikin ƙarar ruwa. "Kina nan?"

"Ina nan!"

"Bango fa?"

"Yana tsaye!"

Bayan ɗan lokaci aka sake kira, ta sake amsawa. Ruwa na bin hanyar da aka haƙa masa yana ficewa. Tsoron ya hau, ya sauka, ya sake hawa bai kai na farko ba. Kafin magariba ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ɗakin, ta tuna da can tana son ƙamshin nan ƙwarai. Ta tashi ta ɗumama tuwo ta ci.

Gari na wayewa duk Tsibiri ta fita shuka. Rana ta ɗan ɗaga, Yunice na tsakiyar gona da ƙwaryar iri, ta ji ƙarar moto a bakin hanya. Luka ne, da kayan zuwa aiki a jikinsa, da wata babbar jaka wayam ɗaure a bayan moton. Ta gane ta mece ce. Ya tako cikin laka har inda take, yana duban fuskarta.

"Inna, yaya kika kwana?"

"Na ji tsoro, ba ni ɓoye maka. Har kuka na yi."

"To..."

"A ɗakina na kwana, Luka. Kuma na yi barci."

Ya juya ya dubi jakar, ya dubi gonar da ko rabi ba a kai ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta miƙa masa sungumi.

"Ƙasa na shan iska. Sara, in bi ka."

Ya tuɓe takalmansa ya ajiye a kan kututture, ya naɗe ƙafar wando. Ya shiga gaba yana sara, tana biye tana jefa gero tana rufewa da diddige.